Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ƙera Manhajojin Lokutan Salla

 

Daga Mada nake rubuto muku koke kan ɗan akwatin lokutan salla da muke ɗorawa a fuskar waya. Direban da ke jigila tsakanin Gusau da Kano yakan ɗora biyu, kowanne da garinsa, amma da ya saita ɗaya sai ɗayan ya bi. Android na ba kowane akwati lambarsa, don haka ku riƙa ajiye saitin kowanne daban. Rana na faɗuwa a Kano kusan minti bakwai kafin Gusau, kuma wannan ba wasa ba ne ga mai azumi.

Sannan akwatin kan daskare, ga la'asar ta gabato yana nuna azahar, musamman in an kunna tsarin tattalin caji. Sabuntawar da Android ke yi da kanta ba ta gaza tazarar minti 30 ba, saboda haka ku tsara ƙararrawa ga kowace salla.

A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara. Saboda irin haka, don Allah ku sa lissafin lokutan salla ya riƙa tafiya ba intanet, ku saka Mada, Tsafe da Bunguɗu cikin jerin garuruwa.

Naku,
Wani ɗan'uwa daga Mada