Mun Biya, Ina Lissafi?

Akwai wata dattijuwa a nan Doka da takan bugo mana waya a shirinmu na Hausa. Abinci take sayarwa a bakin kasuwa, kisra da miya da rana, shayi da yamma. Ranar da zan ba ku labarinta, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta tari numfashina.

"Ɗana, kai da ka yi karatu, ina da tambaya."

"Ina jin ki, Inna."

"Ina da gwangwanin madara a ɗaki, cike yake da rasidi. Na kuɗin rumfa, na shara, na katin lafiya. Duk wanda na biya sai na adana. To su ina nasu rasidin? Wanda zai nuna mini inda suka kai kuɗin?"

A makarantar koyon aikin jarida an gargaɗe mu cewa shiru a rediyo babban laifi ne. Ran nan sai da na aikata shi. Na rasa abin da zan ce mata, na lallaɓa na sako waƙa. Tun daga lokacin tambayarta take cina, shi ya sa na ga gara in kawo ta nan, inda ba mai yi mini nuni da agogo.

'Yan'uwa na Kano da Katsina da Maraɗi da ba ku san wajenmu ba, bari in ɗan kwatanta muku. Doka gari ne a jihar Gadarif, gabashin Sudan, a kan titin da ya tashi daga birnin Gadarif ya nufi Gallabat, bakin iyakar Habasha. Nan ce hedikwatar Gallabat ta Gabas. Abin da kuke kira ƙaramar hukuma, mu mahalliyya muke ce masa. Ƙasarmu baƙar laka ce, da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta zama caɓin da sai tarakta ke iya ratsa shi. Amma ita ce ke ba da dawa da riɗin da ake kiran jihar nan rumbun Sudan saboda su. Hausawa kuwa mun daɗe a nan. Wasu kakanninmu hanyar Makka ce ta ajiye su, wasu sun biyo ayarin hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, ayarin da ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, daga can zuriya ta bazu.

To mu koma kan rasidi.

A Sudan duk wanda ya taɓa biyan hukuma ko sisi ya san Ornik 15, takardar shaidar karɓar kuɗin gwamnati. A 2015 aka mayar da ita ta na'ura, aka ce daga yau duk abin da mai karɓa ya karɓa, ma'aikatar kuɗi tana gani, ba sauran a soke a aljihu. Madalla, ban ƙi ba. Sai dai ku lura da inda fuskar takardar take kallo. Sama take kallo. An yi ta ne don na sama ya tabbatar na ƙasa bai cuce shi ba. Ba wanda ya zauna ya ƙirƙiro 'yar'uwarta mai kallon ƙasa, wadda za ta gaya wa mai kisra cewa a wata ukun nan an tara kaza a kasuwarku, an kashe kaza wajen kwashe shara, kaza ya tafi jiha, kaza ya saura. Ƙasar da ta iya saka rasidi a na'ura ba za ta ce takarda ɗaya da ƙusa huɗu sun gagare ta ba.

Ku bi buhun riɗi ɗaya daga gona zuwa kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ku ƙirga hannayen da ke miƙowa. Diwanin Zakka zai karɓi nasa, wannan haƙƙin Allah ne, ba na ja da shi. Jiha na da nata. Mahalliyya na da nata. Kasuwa na da nata. Manomi bai ce uffan ba, ya biya. Wannan manomin, idan matarsa ta fara naƙuda cikin Agusta a ƙauyen da ke nesa da kwalta, a bayan tarakta za a ɗauko ta, ana tafiya ana kafewa. Idan bazara ta yi, hafir ya ƙafe, wato tafkin da ake haƙa don tara ruwan sama, sai ya koma sayen ruwa a wajen mai amalanken jaki, duro ɗaya a farashin da mai jakin ya ga dama. Alhali a cikin jihar nan aka gina madatsun Atbara ta Sama da Setit, aka buɗe su a 2017. Aikin jawo ruwa daga can zuwa birnin Gadarif, wanda aka yi wa laƙabi da al-hallul jazri, ma'ana maganin matsalar tun daga saiwa, ya daɗe a bakin masu mulki har yara suka mayar da sunan abin zolaya. In babban birni ya sha wannan jira, ina ga ƙauyen da ko a taswira sai an ƙura ido?

Kada wani ya ce na kira wani ɓarawo. Ban kira ba, kuma ba zan kira ba, domin ba ni da hujja. Rashin hujjar ma shi ne ƙarata. An bar mu cikin duhun da mai gaskiya da maras gaskiya duk kamarsu ɗaya. Na san ma'aikata a ofisoshin nan da ke yin watanni ba albashi, suna zuwa aiki a ƙafa. Su ma wannan duhun yana cutarsu, don a majalisar shayi kuɗin goro ake yi musu.

Tushen abin a tsarin yake. Shekaruna talatin da 'yan kai, ban taɓa dangwala wa wanda zai shugabanci mahalliyyata ƙuri'a ba. Zamanin Umar al-Bashir, mu'utamad ake kiransa, wali ne ke naɗo shi daga babban birnin jiha. Da gwamnatin ta faɗi a Afrilun 2019, sai ragamar ta koma hannun babban jami'in zartarwa, ma'aikacin gwamnati, shi ma turo shi ake yi, a ɗauke shi ran da aka ga dama. A unguwanni an rushe kwamitocin jama'a na tsohuwar gwamnati, aka kafa na sauyi da hidima, mutane suka fara ɗaga kai suna tambayar ina gari, ina gas, ina kuɗin rijiya. Juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 ya zo ya sanyaya musu gwiwa, yaƙi ya ƙarasa sauran. Abin takaici, tun 1951, kafin ma a sami 'yancin kai a 1956, ƙasar nan take da dokar majalisun ƙananan hukumomi masu zaɓaɓɓun wakilai. Kakanninmu sun ga abin da mu jikoki ba mu gani ba.

Mutum kuwa inda aka naɗo shi can yake kallo. Wannan ba sharri ba ne, ɗabi'a ce. Wanda wali zai iya cirewa da takarda ɗaya, wali zai yi wa bayani. Mai kisra ba ta iya cire kowa, don haka ba wanda ke jin tana binsa bashin bayani.

Na taɓa gayyatar wani jami'i zuwa shirinmu, ba zan faɗi sunansa ko ofishinsa ba. Sau uku ina aikawa, a na huɗu ya zo, da rawani da turare. Na tambaye shi nawa ake tarawa a kasuwa a wata. Ya ce al'amura na tafiya yadda ya kamata. Na ce nawa ne? Ya ce lissafi yana wajen masu lissafi. Na ce to za a iya manna shi a bango jama'a su gani? Ya yi murmushi ya ce, "Ustaz, ƙasa tana cikin yaƙi." Bayan mun rufe makirfo ya dafa kafaɗata ya ce in riƙa tausasa harshe.

Bari in ɗauki maganarsa da muhimmanci, domin ita ce hujja mafi ƙarfi da suke da ita. Gaskiya ne, tun 15 ga Afrilu 2023 ƙasar nan take ƙonewa. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, da kuma Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo jihar Gadarif, makarantu suka zama masaukai, gida mai mutum bakwai ya koma na ashirin. A Satumbar 2023 a jihar nan aka ayyana ɓarkewar kwalara, ta kuma dawo a daminar 2024. Ba mai hankalin da zai ce aljihun ƙaramar hukuma bai girgiza ba. To amma yaƙin bai hana mai karɓar kuɗin rumfa fitowa da littafinsa ba. In yaƙi bai hana karɓa ba, don me zai hana bayani? In buhun babu komai, a zazzage shi a gabanmu mu gani, wallahi mu ne za mu fara cewa a yi musu uzuri. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san abin da ya rage masa. Kuma lokacin kwalara ne ma ya fi kamata mutum ya san ko kuɗin sharar da ya biya ya kwashe shara, domin a nan kuskuren lissafi makabarta yake kaiwa.

Ga wani abu da ke ba ni kunya. Kusa da mu akwai sansanin Um Rakuba, wanda aka sake buɗewa a Nuwambar 2020 don 'yan gudun hijirar Tigray. Bayin Allah ne da suka baro gidajensu, ba na yi musu hassadar ko loma ɗaya. Amma ku duba yadda ƙungiyoyin agaji ke aiki. In sun haƙa rijiya sai sun kafa allo: ga sunan aikin, ga wanda ya ba da kuɗin. Suna ajiye akwatin koke, suna kiran taro su saurari ƙorafi, ko da rabin sauraron na cika takarda ne. Baƙon da ba ya biyan haraji an tanadar masa inda zai kai kuka. Ɗan gari mai gwangwanin rasidi sai dai ya bugo wa rediyo. Haka cibiyar nan ta El-Hassan da ke Doka, inda ake jinya da bincike kan kala-azar, cutar da ɗan ƙwaron da bai kai sauro girma ba ke sa wa yaranmu, saifa ta kumbura, jiki ya rame, a yi kwana 17 ana allura. Masu bincike daga ƙasashen duniya sun san sunan garinmu saboda ita, suna buga alƙalumansu kowa ya karanta. Adadin masu cutarmu a rubuce yake, adadin kuɗinmu ne ya zama sirri.

Yanzu bari in juyo gida, don ba zan yi wa hukuma wankin babban bargo in bar namu da dauɗa ba. Mu Hausawan nan muna da wani tsoro da muka gada. An daɗe ana ce mana Fallata da wata irin murya, ana tambayar kakan kakanmu kafin a ba mu takardar ɗan ƙasa, har muka koyi cewa zaman lafiya shi ne ka biya ka sunkuyar da kai. Dattawanmu, Allah Ya ƙara musu girma, in sun je wajen hukuma gaisuwa suke kaiwa. A sha shayi, a yi hoto, a dawo a ce an karɓe mu hannu biyu. An tambayi kuɗin hafir? A'a, ai ba a yi wa babba irin wannan tambayar. A Yulin 2022, da aka zubar da jinin 'yan'uwanmu a jihar Shuɗin Nilu, mun cika titunan Gadarif da Kassala da Khartum, duniya ta ji muryarmu. Ashe muna da murya. Me ya sa sai an mutu take fitowa? Wanda ya yi shiru a kan kuɗin shara shekara ashirin, shi ya koya wa hukuma cewa ba ya cikin waɗanda ake yi wa bayani. Ɗan ƙasa na gaskiya ai shi ne mai cewa ina kuɗina, baƙo ne ke biya ya yi godiya.

Ku kuma na Najeriya kada ku yi mana dariya. Kuna da ƙananan hukumomi 774, kuna zaɓe, amma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba. Zaɓe kaɗai bai kawo lissafi ba ke nan. Sai dai kuna da abin da nake sha'awa a tarihinku: talakawan NEPU da suka sha ɗauri a kan haraji, har aka wayi gari gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979. Waɗancan mutanen da Hausa suka yi tambayarsu, harshen da muke ji a nan.

Ni ban ma kai ga neman a soke komai ba. Abin da nake nema ƙarami ne har ina jin nauyin faɗarsa. Duk wata uku a fitar da takarda ɗaya: abin da ya shigo daga kasuwa da tasha da mayanka da amfanin gona, abin da aka tura jiha, abin da aka kashe da inda aka kashe shi. A manna ta a ƙofar ofis da bakin kasuwa da jikin babban masallaci. A karanta ta da Larabci, a fassara da Hausa da Masalit da duk harshen da ake ciniki da shi a garin nan. Sau biyu a shekara, kafin damina da bayan girbin riɗi, mai riƙe da mahalliyya ya zauna a fili, mata ma a ba su tabarma a gaba, ya amsa tambaya. Wannan ba ya bukatar izinin Fot Sudan ko Khartum, ba ya jiran a gama yaƙi. In takarda ce babu, ni zan saya. In mai karantawa ne babu, minti goma na farkon shirina na ba da su kyauta, ko wane mako aka zaɓa.

Inna ta sake bugowa makon jiya. Ta ce ta ji an ce ina rubutu a kan maganarta, in tabbatar na rubuta cewa ba ta taɓa ƙin biya ba, ko sau ɗaya. Na ce na rubuta. Ta ce to in ƙara da cewa gwangwanin ya cika, ta wanke na biyu ta ajiye.