Gunkin Da Ke Cikin Aljihu

'Yan uwana 'yan kasuwar Tasawa da Mayahi, Alhazai da Hajiyoyi, mun daina yanka wa tsafi baƙin bunsuru, amma da yawanmu mun yi sabon gunki mun sa a aljihu. Kuɗi nake nufi.

A Janairun 1994 dare ɗaya aka karya darajar sefa da rabi. Masu ajiyar naira suka yi ta dariya, sai ga canjin kuɗin Najeriya na 2023, tsofaffin takardu suka koma abin gudu. Iyakar da muke taƙama da ita kuwa an rufe ta a 2019, aka sake rufewa a 2023.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yunwar 2005, bayan fari da fara. Wasu suka kulle hatsi a sito suna jiran tiya ta hau, yara na ramewa a ƙauyuka. Wannan ai sito suka dogara gare shi, ba Allah ba.

Ban ce a bar nema ko adashi ba, Hajiya. Amma mai tawakkali na gaskiya a awo ake gane shi: ya cika tiya, ya fitar da zakka, ya ɗaga wa manomi ƙafa kan bashi har kaka.