Kunnen Maƙwabci Ne Ma'aunin Ƙarar Fiyano

A watan Agustan 1974, a birnin Hiratsuka na ƙasar Japan, wani mutum ya kashe wata mata da 'ya'yanta mata biyu, maƙwabtansa na hawan ƙasa, bisa dalilin cewa ƙarar fiyanonsu ta hana shi sakat. Babu uzuri ga wannan ta'asa, amma ta nuna cewa a gidajen bene rage ƙarar fiyano batu ne na zaman lafiya.

Abin da akasarin masu fiyano ke fara yi shi ne cusa soso ko bargo a bayan akwatin, inda allon katakon da ke yaɗa amo yake. Ra'ayina shi ne wannan dabara ta fi kwantar da hankalin makaɗi fiye da na maƙwabci. Soso yana shanye siraran muryoyi, sai makaɗi ya ji kiɗan ya dushe, ya ɗauka an gama. Muryoyi masu kauri kuwa ba su cika tsayawa a soso ba. Tsirkiyoyi kusan 230 ne a ɗaure cikin fiyano, kuma girgizarsu tana sauka ta ƙafafunsa, ta shiga daɓe, ta bi ginshiƙi da bango har ɗakin wani.

Saboda haka daga ƙasa ya kamata a fara. A ɗora ƙafafun a kan roba mai kauri, a shimfiɗa darduma mai nauyi, a kuma janye akwatin daga bangon da ya raba ɗakunan biyu. Bayan nan ne soso zai yi amfani. Da dare, fedar tsakiya ta yawancin fiyanon tsaye tana sauko da ƙyallen ulu tsakanin gudumomi da tsirkiyoyi. Tun 1993 kuma Yamaha ke sayar da nau'in da ake tare gudumominsa, makaɗi ya saurara ta abin sawa a kunne.

Sai dai kada a shaƙe kayan kiɗan baki ɗaya. Abin da Bartolomeo Cristofori ya ƙago a Italiya wajen 1700 shi ne ikon kaɗawa a hankali da kuma da ƙarfi, kuma ɗalibin da ya saba da dusasshen fiyano hannunsa zai yi nauyi. Mafi alheri, ka sa wani ya kaɗa, kai kuma ka shiga ɗakin maƙwabcinka ka saurara, sannan ku tsayar da lokutan da za a riƙa kaɗawa.