Lambobin yabon besbol a jami'o'in Amurka: abin da ya sa ba a manta malamansu

Ni ba ɗan wasan besbol ba ne, ban taɓa riƙe sandar wasan ba ma. Malamin makaranta ne ni, kuma kamar yadda aka saba yi wa duk matashin malamin da ya fito daga kwalejin horar da malamai, ana kai ni makaranta aka ɗora mini kula da wasannin yara a kan darasin da nake koyarwa. Wanda na gada ya yi shekaru masu yawa yana wannan aiki. Ranar da ya yi ritaya aka yi masa addu'a, aka sha lemo, kowa ya watse. Kofunan da yaransa suka ciyo suna nan a kabad ɗin ofis, babu sunansa a jikin ko ɗaya, babu sunan yaran. Yau in ka tambayi ɗaliban da ke makarantar, ba wanda ya san shi.

Wannan abu ne ya sa na tsaya na duba yadda jami'o'in Amurka ke karrama 'yan wasan besbol da masu horar da su. Besbol wasa ne na jifa da duka: mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da sanda ya ruga ya zagaya sansani huɗu. Mu nan ba ruwanmu da shi, ƙwallon ƙafa muka sani. Amma tsarin lambobin yabonsu akwai abin lura a ciki, kuma ina ganin sun fi mu gaskiya a wannan fanni.

Babbar lambar ita ce Golden Spikes, wato ƙusoshin takalmin wasa na zinariya. Hukumar besbol ta ƙasar, USA Baseball, ke bayar da ita kowace shekara tun 1978 ga ɗan wasan da ya fi fice cikin waɗanda ba su shiga wasan kuɗi ba tukuna. Bob Horner na Jami'ar Jihar Arizona ne ya fara karɓa. A 1987 aka ba Jim Abbott na Jami'ar Michigan, wanda aka haifa ba shi da tafin hannun dama. Da hagu yake jifa, yana sakin ƙwallo sai ya zura wannan hannun a safar cafewa kafin a doko masa ita. Bayan shekara shida, a 1993, yana wasa wa New York Yankees, ya yi jifa tun daga farkon wasa har ƙarshe ba tare da abokan hamayya sun samu duka mai kyau ko ɗaya ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sunayen da suke raɗa wa lambobin. Akwai kofin Dick Howser, wanda aka fara bayarwa a 1987, shekarar da mai sunan ya rasu sakamakon ciwon daji a ƙwaƙwalwa. Howser ya yi wasa a Jami'ar Jihar Florida, ya dawo ya horar da ita, sannan ya kai Kansas City Royals ga cin kofin ƙwararru a 1985. Masu zaɓen wannan kofi ba bajinta a fili kawai suke dubawa ba, suna duba shugabanci da halin kirki da ƙarfin zuciya. Akwai kuma lambar Brooks Wallace. Shi wannan bawan Allah bai yi wani suna a duniya ba. Ɗan wasa ne kuma mataimakin koci a Jami'ar Texas Tech, ciwon dajin jini ya kashe shi a 1985 yana da shekara 27. To amma duk shekara sai an ambaci sunansa a faɗin ƙasar, saboda an ɗaura shi a kan lambar da ake bai wa gwanin da ke tsaron gurbin da ya tsara.

Masu horarwa ma ba a bar su a baya ba. Lambar gwarzon koci guda ɗaya tana ɗauke da sunan Skip Bertman, wanda ya ci kofin ƙasa sau biyar da Jami'ar Jihar Louisiana tsakanin 1991 da 2000. Tun 2006 kuma suna da zauren tunawa da gwarazan besbol na jami'o'i, inda ake shigar da 'yan wasa da kociyoyi. Cikin waɗanda aka fara shigarwa akwai Rod Dedeaux na Jami'ar Kudancin California, wanda ya ci kofin ƙasa sau biyar a jere daga 1970 zuwa 1974.

Sai dai labarin da ya fi taɓa ni a matsayina na malami shi ne na Mike Martin. Shi ya gaji Howser a Jami'ar Jihar Florida a 1980, ya riƙe ƙungiyar shekara 40 har zuwa 2019. Ya ci wasa 2,029, babu kocin da ya kai wannan adadi a babban rukunin jami'o'in ƙasar. Sau 17 yana kai yaransa gasar ƙarshe ta Omaha a jihar Nebraska, inda ake yin ta tun 1950. Ko sau ɗaya bai ɗauko kofin ba. In da a nan ne, da tuni an ce malam ba shi da sa'a, a sauya shi. Su kuwa filin da ya yi aiki a kai sunansa aka sa masa, a cikin filin wasan da ke ɗauke da sunan Howser. Ɗaya daga cikin yaransa, Buster Posey, ya ci Golden Spikes a 2008, kuma yanzu lambar gwanin mai cafe ƙwallo a bayan mai duka sunan Posey take amsawa. Ka ga malami, ka ga magajinsa, ka ga ɗalibin magajin, duka ukun an rubuta su inda ba za su ɓace ba.

Wani zai ce, malam, ai wannan harkar masu kuɗi ce. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye aibin tsarin ba. Yawancin masu cin waɗannan lambobi daga manyan jami'o'in kudu da yammacin ƙasar suke fitowa, inda sanyi ba ya hana atisaye kuma akwai kuɗi da kyamarorin talabijin. Shekaru da dama doka ta kayyade wa kowace ƙungiya a babban rukuni tallafin karatu da bai wuce na mutum 11.7 ba, a raba wa yara da yawa, sauran kuɗin iyaye su biya. Ɗan talaka, musamman baƙar fata, tun daga nan ake fara barin sa a baya. Sannan wasan na mutum tara ne a fili, amma mutum ɗaya ake kira ya hau dandamali.

Duk da haka ƙofar ba a rufe take ruf ba. A 2003 Rickie Weeks na Jami'ar Southern a Baton Rouge, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata, ya haɗa Golden Spikes da kofin Howser a shekara ɗaya, a ƙarƙashin kocinsa Roger Cador. A 2010 Bryce Harper ya ci Golden Spikes daga wata kwaleji ta shekara biyu a Nevada. Me ya sa aka gan su? Saboda a can kowane jifa da kowane duka ana rubuta shi. Yaron ƙaramar makaranta yana iya ajiye alƙalumansa kusa da na yaron babbar makaranta, a gwada. Idan babu rubutu, sai a koma ga wa ka sani, wa ya san ka, kuma mu mutanen Zango mun san wanda ke shan kashi a irin wannan zaɓe.

A nan ne nake ganin namu sakacin. Kowa ya san Mohammed Kudus ɗan Nima ne, muna alfahari da shi. Amma mutum nawa cikinmu zai iya faɗin sunan malamin da ya fara tara yaran unguwarsu a fili da yamma? Ƙasa tana da lambar gwarzon malami, marubuta wasanni ma suna da bikinsu na shekara, amma waɗannan sun yi wa malamin wasanni na ƙaramar makarantar unguwa nisa. Shi ne ke sayen ruwa da kuɗin aljihunsa ranar gasa, shi ne ke zuwa gida gida yana roƙon iyaye su bar yarinya ta yi gudu, shi ne ke kai yaro asibiti in ya karye. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, to shi wannan ko yabon bai samu ba.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin bikin suna ɗaya ba. Na farko, kowace makaranta ta sayi littafi guda, a riƙa rubuta sakamakon kowane wasa da sunayen yaran da suka buga da malamin da ya horar da su. Na biyu, makarantun unguwanninmu su haɗu su fitar da lambar yabo ta shekara, ɗaya ta ɗalibi, ɗaya ta ɗaliba, ɗaya ta malami, a raɗa musu sunayen malamanmu da suka yi wannan hidima suka wuce. Na uku, kada malamin makaranta ya zaɓi ɗan makarantarsa, kuma a duba halin yaro da sakamakon jarrabawarsa tare da ƙafarsa, don kada mu karrama wanda ya bar aji ya tare a fili. Na huɗu, lambar malami kada a ɗaure ta da cin kofi. Mike Martin bai ci ba, kuma ba wanda ya isa ya ce bai yi aiki ba.

Ina kira ga sarakunan Zango da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwarmu da su ɗauki wannan magana. Ni dai na fara da abin da ke hannuna. Na sauko da kofunan nan daga kabad, na goge su, na je gidan tsohon malamin da littafi da biro. Ya ɗauki kowane kofi ya faɗa mini shekarar da aka ci shi da sunayen yaran da suka buga, har da wanda ya tsaya a raga. Kofi biyu ne kawai ya ce sun kwanta masa, ya ce in dawo wani mako zai tuna. Allah ya ba shi lafiya, ya kai mu.