Ba Kishiya Ce Ta Ƙwace Masa Admishan Ba



A cikin wata biyu na karanta labarai uku masu jigo ɗaya daga alƙaluman matasanmu: an samu gurbin karatu a jami'a, an yi murna, sai kwatsam aka soke. A na farko kishiyar uwa ce ta je wurin boka. A na biyu wani Alhaji ne ya saye gurbin ya ba 'yarsa. A na uku malami ne ya nemi yarinyar ta ƙi shi. A cikin marubutan nan uku babu wanda ya nuna mana takardar da aka ba jarumin, balle abin da ke rubuce a cikinta. Yau zan faɗi abin da ke raina, ko da wasu za su ji haushi.

Shin jami'a tana iya janye gurbin da ta ba mai difloma idan sakamakonsa ya canza, ko ya sauya kwas? Tana iya, tana kuma yi, ba tare da an binne laya a ko'ina ba.

Mai difloma yana neman jami'a ne ta hanyar shiga kai tsaye, wadda muke kira DE, a hannun hukumar JAMB, yawanci ya faro daga aji biyu. Tun 2017 gurbi yana bi ta manhajar CAPS: makaranta ta miƙa sunanka, JAMB ta amince, kai kuma ka karɓa. Gurbin na kwas ɗaya ne, a makaranta ɗaya, bisa takardun da kai da kanka ka ce kana da su. Shi ya sa ake rubuta cewa na wucin gadi ne, kuma za a iya janye shi duk lokacin da aka gano ba ka cika sharaɗi ba. Wannan layin ne ba mu karantawa. Hoton takardar muke ɗauka mu ɗora a Facebook, a yi ta zuba mana "Allah ya sanya alheri".

Mu da muka yi foliteknik mun san ma'aunin. Daga maki 3.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ce. Daga 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, daga 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit. Sassa da yawa ba sa karɓar ƙasa da babban kiredit. Dole kuma diflomar ta dace da kwas ɗin, domin ta harkar kasuwanci ba za ta kai ka sashen injiniya ba. Sannan ga kiredit biyar na sakandare, har da Turanci da Lissafi, a zama da bai wuce biyu ba.

Wani abokina ɗan Maiyama, tare muka gama difloma. Kafin makaranta ta fitar da sakamakon ƙarshe ya zauna ya yi lissafinsa, ya samu 3.02, ya cika fom da babban kiredit. Wata jami'a a wajen jihar nan ta ba shi gurbi. Mahaifinsa ya sayar da buhunan gero ya haɗa masa kuɗi, ya shiga mota a tashar Jega ana yi masa addu'a. Ashe an gyara makin wani darasi guda, sakamako ya fito 2.96. A teburin tantancewa jami'in ya dubi takardar, ya dube shi, ya ce masa sashen ba ya karɓar ƙaramin kiredit. Mako biyu ya yi a ɗakina bai iya komawa gida ba. Da ya koma, abin da gwaggonsa ta fara faɗa shi ne, "Ɗan nan, an sa maka hannu." Tazarar 0.04 ce tsakaninsa da maki ukun da ake nema, amma har yau akwai gidan da ba a gaisawa da su saboda zargin nan.

Sauya kwas ma haka yake. An ba ka wani kwas, sai wani kawu ya ce ya san mutum a sashen da kake so, ka je ka zauna a ajinsu kawai. Idan ba a gyara a JAMB ba, bayananka suna nan a tsohon kwas, kuma matsalar za ta iya ɓoyewa har ranar da za a tura sunaye hidimar ƙasa. Mai son komawa wata jami'a daga wadda yake ciki shi ma ya kiyaye. Sabuwar za ta nemi cikakken sakamakonsa daga tsohuwar, idan kuma zangon ƙarshe ya zo da faɗuwa tana iya fasawa. Wanda ya saki tsohuwar kafin ya gama rajista a sabuwar, ya saki reshe ya kama ganye.

Na san za a ce ina kare jami'o'i. To, a tsananta tantancewa ina bayansu, kuma ga dalili. JAMB ta taɓa bayyana cewa a cikin takardun masu neman DE guda 148 da Jami'ar Bayero ta Kano ta bincika, 6 kacal aka samu na gaskiya. Duk mai takardar bogi da ya shige, kujerar wani ya zauna, wataƙila ta ɗan manomin albasa na Aliero da ya kwana yana karatu da fitilar waya. Tantancewa gata ce ga mai gaskiya.

Amma makarantu ma ba su fita ba. Me ya sa za a karɓi kuɗin amsa gurbi kafin a duba takardu? Me ya sa za a sallami ɗalibi da baki, babu takarda, babu dalili a rubuce, babu bayanin ko akwai wani kwas da makinsa ya isa? Kuma foliteknik ɗin da ke riƙe sakamako wata da watanni, ita ce ke tura ɗalibai cika fom da hasashe. Waɗannan su ne wuraren da ya kamata alƙalaminmu ya sara. Ban musa akwai son kai da cin hanci ba, akwai malaman banza kuma. Amma idan kowace faɗuwa a littattafanmu asiri ce, me muka koya wa ƙanwarmu da za ta cika fom baɗi? Mun koya mata ta zargi maƙwabta, ba mu koya mata ta karanta sharaɗi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne binciken ba shi da wuya. Jami'ar kimiyya da fasaha tana Aliero tun 2006, daga Jega tafiyar 'yan mintoci ce. Ga kwalejin kiwon lafiya a Jega, ga foliteknik ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga ta jiha a Dakingari. A kowace unguwa akwai wanda ya bi layin tantancewa. Ka saya masa shayi ka tambaye shi. Ka roƙi ganin takardar admishan ta gaske ka karanta ta har ƙasa. Za ka ga labarin da ke ciki ya fi na boka taɓa zuciya: uban da ya taɓa rumbunsa, ɗan da ke jin kunyar komawa gida, jami'in da ke tausayi amma doka ta ɗaure shi.

Ga masu shirin DE a cikinmu: kada ka rubuta darajar da ba ka gani a takarda ba. Ka karanta sharaɗin sashen kafin ka biya ko sisi. Duk canjin kwas ka tabbatar ya bayyana a shafinka na JAMB. Idan sakamakonka ya sauya, ka je ofishin ɗaukar ɗalibai da ƙafarka ka faɗa tun ana iya duba maka wani kwas.

Abokin nawa ya koma ya yi babbar difloma, yanzu yana zangon ƙarshe. Marubutan labaran nan uku kuwa ina girmama ƙoƙarinku, amma ina roƙon ku sake babin. Wanda bai yarda da ni ba, ya kawo hujjarsa, ina nan ina jira.