Dean Smith: Mai Horarwa Ko Malami?

Masu bin labarin wasanni sun saba auna mai horar da 'yan wasa da yawan kofunan da ya ciwo. In da haka za a auna marigayi Dean Smith, wanda ya riƙe ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka daga 1961 zuwa 1997, to sai a ce John Wooden ya yi masa fintinkau, domin shi kofin ƙasa goma ya ciwo wa jami'arsa, Smith kuwa biyu kacal, a 1982 da 1993. Amma wannan mudu bai isa a auna mutumin da aka danƙa wa 'ya'yan mutane a jami'a ba.

Farkon aikinsa ma bai zo da daɗi ba. A 1965, bayan an lallasa ƙungiyarsa, ɗalibai suka yi mutum-mutuminsa suka rataye. Wani ne da sai ya shiga lallaɓa jama'a. Shi kuwa, shekara guda bayan haka ya jawo Charlie Scott, baƙar fata na farko da jami'ar ta ba gurbin karatu kyauta saboda wasa, a zamanin da wariyar launin fata ke da sauran ƙarfi a kudancin ƙasar. Wanda kujerarsa ke rawa ba ya yin irin wannan sai in ya yi imani da shi.

A fili ma tarbiyya yake koyarwa. Ya ɗora wa yaransa al'adar cewa duk wanda ya jefa ƙwallo a kwando ya nuna wanda ya miƙo masa da yatsa, watau ya shaida wa 'yan kallo cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Michael Jordan kansa a ƙarƙashin wannan doka ya taso. Da lokaci ya yi, a 1984, Smith ne ya ba shi shawarar ya tafi wasan kuɗi, alhali ƙungiyar ce za ta yi asara. Jordan ya dawo ya kammala digirinsa a 1986. Cikin 'yan wasansa, fiye da 96 bisa ɗari sun gama karatunsu.

Sai dai ba a rasa nono a ruga. An zarge shi da ɓata wasa, saboda dabararsa ta baza 'yan wasa kusurwa huɗu suna ta miƙa wa juna ƙwallo har lokaci ya ƙare. Wannan ƙaramin zargi ne. Babban shi ne binciken 2014, wanda ya gano cewa tun daga 1993 akwai wasu darussan jeka-na-yi-ka a jami'ar, da 'yan wasa da yawa suka riƙa samun maki a cikinsu ba tare da zaman aji ba. Ba a kama Smith da laifi ba, amma abin ya faro yana kan aiki, kuma dole mai yabonsa da yawan masu digiri ya tuna da haka.

Duk da wannan, shaidar ɗalibansa ta fi nauyi, don su suka zauna da shi. Ya rasu ranar 7 ga Fabrairu, 2015, yana da shekara 83. Bayan 'yan makonni sai tsofaffin 'yan wasansa, kimanin 180, suka fara samun wasiƙa. Ashe ya bar wasiyya a aika wa kowannensu dala 200, ya je ya ci abincin dare da sunan malaminsa.