Martani: Ciwon Cikin Nan Ba Raki Ba Ne

Malam, ka rubuta cewa macen da gwajinta ya fito lafiya amma take kwana dafe da ciki, raki take yi. Wannan zalunci ne.

Hoton ciki ƙari da tsakuwa yake gani, ba ya nuna yadda jijiyoyin hanji ke jin zafi. Akwai ciwon IBS: murɗawa, kumburi, gudawa ko taurin bayan gida, gwaji kuwa fes. Da alamomi likitoci ke gane shi, bisa ƙa'idojin Rome IV na 2016, kuma gyaran abinci da magani suna kawo sauƙi.

Irin maganarka ke kora mata kemis su yi ta haɗiyar diclofenac, mai jawo gyambon ciki. Wadda ke ramewa ko ganin jini a bayan gida kuwa, ta koma asibiti yau.